Idan Mai Intabiyu Ya Ci Mana Fuska



Yawancinmu a wannan zaure ba alƙalami ke ciyar da mu ba tukuna. Muna rubutu da dare, da rana kuma muna yawo da fayil a hammata, daga gidan rediyo zuwa makarantar kuɗi zuwa ofishin ƙungiyar agaji. Don haka maganar mai intabiyu marar mutunci maganarmu ce. Mun san wanda yake danna waya muna tsaka da ba shi amsa, mun san wanda yake kwaikwayon yadda muke furta Turanci abokan zamansa su yi dariya, mun kuma san wanda zai ɗaga takardar digiri da yatsa biyu ya ce, "Hausa kuma sai an je jami'a ake koyonta?"

Abin da ke ba su wannan ƙarfin gwiwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 2014, mutane sama da rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai dubu biyar ba a hukumar shige da fice ta Najeriya, aka yi turmutsutsu a filayen wasa, har da na Abuja, aka rasa rayuka. Wanda ya san irin wannan layin yana jiransa a waje, sai mai tsoron Allah ne zai ɗauki mai neman aiki da daraja.

Amma mu rarrabe abu biyu. Akwai matsi da ake yi da gangan don a gwada zuciyar mutum. Hyman Rickover, babban hafsan da ya kafa rundunar jiragen ruwa masu amfani da nukiliya ta Amurka, ya yi suna a wannan. Har ƙafafun kujerar mai neman aiki na gaba ya sa aka rage wa tsawo, don mutum ya riƙa zamewa yana amsa tambaya. Jimmy Carter ya zauna gabansa yana matashin soja, ya faɗi matsayinsa a aji cikin alfahari, sai Rickover ya tambaye shi ko ya yi iya ƙoƙarinsa. Carter ya amsa gaskiya cewa ba kullum ba. Ya samu aikin, daga baya kuma tambayar ta zama sunan littafinsa. Ba mu ce salon ya burge mu ba, amma aƙalla aikin ake aunawa. Wanda ya koma kan ƙabilarmu, ko addininmu, ko ya tsare 'yar uwarmu da "yaushe za ki yi aure, kada ki zo ki bar mu da ciki", wannan ba gwaji yake yi ba, cin fuska ne kawai.

A nan ne tarbiyyarmu take iya zame mana tarko. An raine mu kada mu haɗa ido da babba, kada mu yabi kanmu. Halin kirki ne a zauren gida. A gaban kwamiti kuwa, sunkuyar da kai ana fassara shi da rashin sani, mai wulaƙanci kuma ƙara samun wuri yake yi. Su kuma masu cewa a tashi a buga ƙofa a fice, da alama ba su taɓa ranto kuɗin mota daga Gusau zuwa Abuja ba.

Ra'ayinmu shi ne a tsamo tambayar daga cikin zagin, a amsa ta, a bar masa zaginsa. Mai raina digirin Hausa, a ce masa: "Yallaɓai, BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Idan kuna son saƙonku ya kai kasuwar Kurmi, aikina ke nan." Ba ɗaga murya, ba murmushin neman gafara. Mai danna waya, a yi shiru har ya ɗago, sannan a ce, "In ci gaba, ranka ya daɗe?" Sau da yawa sauran 'yan kwamitin suna jin kunyar abin da abokinsu yake yi, kuma su ma suna da maki a hannu. Su za mu riƙa kallo muna magana.

Idan abin ya kai ga zagin iyaye, ko maganar banza ga mace, ko alamar a haɗu a otal a ƙarasa intabiyun, to an gama. A tattara takardu, a yi sallama, a fita. Wanda ya yi haka tun bai fara biyan albashi ba, ranar da ya fara biya sai abin da ya gani dama.

Sai kuma gargaɗi na musamman gare mu masu alƙalami: kada a fito da zafi a zuba sunan mutum da na ma'aikatarsa a Facebook, domin masu ɗaukar aiki na gobe suna karantawa. A rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa tun ba a manta ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya haramta nuna wariya saboda ƙabila, jinsi, addini ko asalin mutum, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a kuma tana da ofisoshi a jihohi, ba a kuma biyan ko sisi kafin a shigar da koke.