Keke Da Zauren Mai Gari: Shawara Ga Ɗaliban Hausa

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, kullum muna nanata karin maganar nan da ke cewa tafiya mabuɗin ilmi, amma da wuya mu tsaya mu tambayi kanmu wace irin tafiya ce magabata suke nufi. Ni dai a ganina ba su nufin irin wadda muke yi yau, inda mutum zai shiga mota a Kano, ya jingina kai ya yi barci, bai farka ba sai a Ƙofar Ƙaura. Wannan ya ratsa Bichi da Tsanyawa da Yashe da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Caranci, amma in ka tambaye shi abin da ya gani, sai ya ce kwalta. Abin da nake so in kawo a wannan ɗan rubutu shi ne, ɗalibin da ke nazarin harshe da al'adun Hausawa ba shi da abin hawan da ya kai keke, kuma ba shi da masaukin da ya kai zauren mai gari.

Bari mu fara da tarihi. A ƙarshen watan Janairu na 1851, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina bisa doki, ya bi ta Kusada da Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. A littafin tafiye-tafiyensa ya yaba kyan wannan yanki, ya bayyana gonaki da itatuwa da garuruwan da ya wuce, har yau masana suna komawa ga abin da ya rubuta. Me ya ba shi wannan dama? Tafiyar sannu ce kawai. Ashe bai zama abin kunya ba a ce baƙo daga Jamus ya fi ɗalibin Hausa na yau sanin abin da ke tsakanin Katsina da Kano?

Doki dai ya fi ƙarfin ɗalibi, amma keke bai fi ba. A hutun da ya wuce, lokacin kaka, ni da wani abokina muka ari kekuna biyu, muka ɗaura tabarma da bargo da famfo da kayan faci a kariya, muka tashi daga Kankiya muka nufi Kusada ta hanyoyin ƙauye. Tafiyar da mota ba ta cika awa guda a kanta, mu sai da muka kwana uku, domin ko'ina muka ga jama'a sai mu tsaya. A rana ta farko ƙaya ta huda mini taya a bakin wata gona. Ina cikin faci wani dattijo ya zo ya gaishe mu, muka koma gindin gawon da ke tsakiyar gonarsa. Da na tambaye shi dalilin da ya bar itace a inda ake shuka, sai ya yi dariya, ya ce, "Samari, kun yi boko kun bar gida. Gawo ai da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa dawa rana, da rani kuma ya yi ganye dabbobi su sha inuwa su bar taki." Daga nan hira ta yi nisa. Ya bambance mana noman firi da maimai da huɗa, ya nuna mana yadda ake ɗaurin dami, ya ba mu labarin gandu da gayauna da yadda gayya take ja da baya a ƙauyensu. Duk a cikin Katsinanci tsantsa, yana cewa tahiya da hili da gidanshi, abubuwan da muka haddace a darasin karin harshe domin cin jarrabawa, ba mu taɓa zama mun saurara da kunnen nazari ba. Haƙiƙa gani ya kori ji.

To, sai batun kwana. Turawa sun daɗe da al'adar yawon duniya a keke, tun daga Thomas Stevens wanda ya zagaya duniya tsakanin 1884 da 1886, kuma da yawa daga masu bin sawunsa sukan ɗauki tanti su kafa a daji, nesa da mutane. Wannan ba namu ba ne, kuma bai dace da buƙatarmu ba. Mu mutane muke nema, watau masu harshen. Mun bi tsarin da fatake da almajirai suka gada: in rana ta yi sanyi ka shiga gari, ka yi sallama a ƙofar mai gari, ka faɗi sunanka da inda ka fito da abin da ke tafe da kai. A duka wuraren da muka sauka an shimfiɗa mana tabarma a zaure, an kawo tuwon dawa da fura, bayan isha'i dattawa suka taru. A irin wannan hirar dare ce ake jin tarihin kafuwar gari da kirarin dangi da kacici-kacicin da babu su a kowane kundi na ɗakin karatunmu. Wanda ya kafa tanti a bayan gari ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Na san za a kawo mini suka iri biyu. Na farko, za a ce keke abin hawan talaka ne, bai kamaci ɗan jami'a ba. Wannan girman kai ne kurum. A zamanin iyayenmu malamin makaranta da malamin gona da duba-gari duk a kan Raleigh suke zagaya ƙauyuka, ana kuwa ganin girmansu. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, ɗalibi nawa ne zai iya ɗaukar shatar babur na kwana uku? Kuma manomi ya fi sakin jiki da wanda ya zo masa da ƙura a ƙafa bisa ga wanda ya leƙo shi ta tagar mota.

Suka na biyu ya fi nauyi, watau rashin tsaro. Ba wanda ya manta da sace ɗaliban makarantar sakandare ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, kuma ɓarnar 'yan bindiga ta taɓa ƙauyuka da dama a Jihar Katsina. Ba na kira ga kowa ya jefa kansa cikin halaka. Sai dai a lura, wannan matsala ita ma tana ƙarfafa abin da na faɗa game da zaure. Baƙon da aka gani ya kwana shi kaɗai a daji yau, zargi za a yi masa, a ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi. Wanda kuwa ya sauka a hannun mai gari ya sami mai tsaya masa, da safe a gaya masa hanyar da zai bi da wadda zai ƙaurace wa. Saboda haka a tafi biyu-biyu ko uku-uku, a yi tafiya da rana kaɗai, a riƙi takardar sashe zuwa ga hakimi, in mutanen gari suka ce kada a wuce, a juya.

Shawarata ga sashenmu ita ce a sa irin wannan zagaye cikin aikin binciken ɗaliban aji uku, ko da na kwana biyu ne a gundumar da ɗalibi ya fito, ya dawo da abin da ya naɗa ya rubuta. Dattijon nan mai gawo ya haura shekara saba'in, 'ya'yansa kuma duk suna birni. In muka jira sai mun sami mota da kuɗin bincike, za mu iske zauren, amma ba lalle ne mu iske masu hirar ba. Zuwa da kai dai ya fi saƙo.