KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Ƴan'uwa, a kasa kunne! Labarinmu na yau daga Amurka ya fito, amma duk mai cin guminsa zai gane shi tun kafin mu kai ƙarshe.

A can akwai wasu ma'aikata masu rubuta manhajar kwamfuta, wato umurnin da na'ura ke bi ta lissafa albashi, ta tsare kuɗin banki, ta raba wutar lantarki. Sun yi karatu mai zurfi, albashinsu mai tsoka. An daɗe ana ce musu su ba leburori ba ne, ƙungiyar ƙwadago ta ƴan masaƙa ce da ƴan dako, mai ilimi ba ya buƙatarta. Suka yarda. To, ku ji yadda ta kaya.

Aikin manhaja ba buhun gyaɗa ba ne da sai an nemi mota da jirgin ruwa. Ta waya yake tafiya. Masu jari suka lura cewa a Indiya akwai samari masu wannan sana'a, suna jin Turanci, ladansu kuma kaɗan ne. Kamfanin Tata Consultancy Services ya kafu a 1968, Infosys a 1981. Da shekarar 2000 ta gabato, aka tsorata cewa tsofaffin kwamfutoci za su rikita kwanan wata, sai aka tura tulin aikin gyara zuwa Indiya. Tsoro ya wuce, hanya ta zauna. A 2004 Gregory Mankiw, babban mai ba Shugaba Bush shawara kan tattalin arziki, ya fito fili ya ce fitar da aiki waje wani salon ciniki ne kawai, kuma zai amfani ƙasa nan gaba. Mu kuwa muna tambaya: zai amfani wa? Mai iyali zai ci "nan gaba" da dare?

Ga yadda ake ƙulla abin. A 1990 majalisar Amurka ta ƙirƙiro wata biza mai suna H-1B, 65,000 a shekara, wai don a shigo da gwanayen da aka rasa a gida. A 1998 aka saka sharaɗi cewa kamfanin da ya dogara da masu wannan biza kada ya kori ɗan ƙasa don ya sa baƙo. Amma aka bar ƙofa a buɗe: in ya biya baƙon dalar Amurka 60,000 a shekara, sharaɗin ya faɗi. Saboda haka sai a kawo ƴan kaɗan da biza, su zauna kusa da tsohon ma'aikaci, su koyi aikin kaf. In sun iya, a kwashe yawancinsa zuwa Bangalor ko Cennai, a sallami mai koyarwa.

Ba tatsuniya muke yi muku ba. Tsakanin 2014 da 2015 kamfanin lantarki na Southern California Edison ya sallami ma'aikatan kwamfuta wajen 400, ya miƙa aikin ga Infosys da Tata. A Janairun 2015 kamfanin Disney ya sallami wajen 250 a birnin Olando. Aka ce musu in suna son kuɗin sallama, sai sun koya wa waɗanda za su gaje su. Ku duba wannan wulaƙanci! A ba mutum fartanya a ce ya haƙa ramin da za a tura shi. Biyu daga cikinsu suka kai ƙara, alƙali ya kori ƙarar a 2016. A 2017 har jami'ar gwamnati ta Kalifoniya da ke San Faransisko ta bi sahu, ta ba kamfanin HCL aikin ma'aikatanta.

Masu jari na cewa ayyukan manhaja a Amurka ƙaruwa suka yi cikin waɗannan shekaru. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma wanda aka kora yana da shekara 55, da bashin gida a wuya, ba shi aka ɗauka a sabon aikin ba. Wanda kuma ya tsira ya koyi yin shiru, don duk ran da ya nemi ƙari za a nuna masa taswirar Indiya. Ko ba a kori kowa ba, barazanar kaɗai ta isa ta danne albashi.

To, wane ne maƙiyi? A nan muke son ku natsu. Wasu ƴan siyasa na nuna Ba'indiye da yatsa. Ƙarya suke yi! Ba shi ya rubuta dokar 1990 ba, ba shi ya bar ƙofar 1998 ba. Bizarsa a hannun uban gidansa take: in aka kore shi, kwana 60 gare shi ya sami wani ko ya tattara. Ɗan'uwansa da ke gida yana kwana ido biyu don agogonsa ya dace da na Amurka. A Yulin 2025 Tata ɗin nan ta ba da sanarwar rage ma'aikata wajen 12,000. Wanda aka yi amfani da shi aka kori wani, yau shi ma an nuna masa ƙofa. A Satumban 2025 Shugaba Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar biza. Sai mu ce: an toshe ƙofar baƙo, wa ya toshe waya? Kamfanin da ya ga shigo da mutum ya yi tsada, aikin zai tura can baki ɗaya.

Kura biyu ke shan bugu, ɗaya a Olando, ɗaya a Bangalor. Gardi ɗaya ne ke karɓar kuɗi. Ya iya haka ne domin ya same su a warwatse, kowa na taƙama da takardarsa. Ƙungiyar WashTech da wasunsu suka kafa a Siyatil a 1998 ta yi kira, kaɗan suka amsa.

Sakatarorin rassa, ku karanta wannan a taro, ku bayyana wa wanda bai yi boko ba. Ku faɗa wa akawu da malamin makaranta da direba cewa takardar shaida ba ta kare kowa ran da mai jari ya sami mai araha. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada ma'aikaci ya ɗaga hannu a kan ma'aikaci, ko daga ina ya fito. A tambayi mai karɓar kuɗi.

MA'AIKATA, KU HAƊA KAI!