Su Suka Hana Ka Sauya Mota, Su Ke Cin Tararka



Da kai muke magana yau, kai da ke tada boksi kafin asuba a Fau ka kwaso mutane da buhuna daga ƙauyukan mashru'in Rahad. Da kai kuma Baba direba, mai tsohuwar Sifinja da ke jigilar dawa da riɗi daga gonakin Gadarif, da kai matashi da ke riƙe da gida guda da kuɗin raksha. Ke ma Hajiya, ko ba ki da mota zancen ya shafe ki, don kin san ranar da kuɗin lodi ya tashi ita ce ranar da albasa da sukari ke tashi a kasuwa.

Ran 13 ga Afrilu, 2015, za a fara jefa ƙuri'a. Kafin ranar, zauna mu yi lissafin motarka tare.

A shekarar 2010 gwamnatin Khartum ta hana shigo da motocin da aka riga aka yi amfani da su, in ban da wasu 'yan tsiraru da aka keɓe. Kafin nan, mai ƙaramin ƙarfi yakan tara kuɗin kaka biyu ko uku, ya sayar da tasa, ya cika ya sayi wadda ta fi ta lafiya daga cikin masu saukowa ta Bur Sudan. Da aka rufe wannan ƙofa, abin da ya rage shi ne sabuwa fil, ko ta waje ko wadda ake harhaɗawa a Giad a lokacin. Mai hawasha ɗaya a Rahad, auduga da gyaɗar shekara nawa zai tara kafin ya kai kuɗin sabuwa? Don haka kowa ya riƙe tsohuwarsa, farashin tsofaffin ma ya hau sama.

A watan Yuli na 2011 Kudu ta balle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur. Jine ya faɗi, kayan isbiya da tayoyi da batir, waɗanda duk da dala ake sayo su, suka yi tashin gwauron zabo. A Satumbar 2013 aka janye tallafin mai: galan na banzin ya tashi daga jine 12.5 zuwa kusan 21, na jazolin ya koma 14. Mutane sun fito tituna a Madani da Khartum, an rasa rayuka masu yawa, farashin kuwa bai dawo ba.

To, ka ga yadda motarka ta tsufa a hannunka. An hana ka sauya ta, an tsauwala maka kuɗin gyara ta, an ƙara maka kuɗin man da za ka zuba mata. Bayan duk wannan sai kuɗin hanya ya zo ya same ka.

Kowace shekara sai ka sabunta tarhis. Sai an yi wa motar fahas, sai ka biya tamin, sai ka bi tagogi kana biyan wannan da wancan. Ɗauko tsofaffin rasiɗanka, ka duba abin da ka biya a 2010, ka gwada da na bana, kai ne shaida. Sabuwar mota takan wuce fahas ba gardama. Taka kuwa a ce fitila, a ce hayaƙi, a ce taya, ka koma wurin makaniki ka kashe abin da ba ka da shi, ka sake dawowa layi. Kwanakin da ka yi kana wannan zirga-zirga, babu lodi, babu cefane.

In ka hau babbar hanyar da ta taso daga Madani ta bi ta Fau zuwa Gadarif da Kassala, ko wadda ta gangara Doka har Galabat a bakin iyakar Habasha, ga kuɗin wucewa, ga tarar murur da ake biya nan take, ga igiyoyin mahalliyya kowace da sunan da ta raɗa wa jibayarta. Tara da kuɗin shinge ba su san tsohuwa ba, ba su san sabuwa ba. Abin da babban ɗan kasuwa zai zaro daga aljihun gaba bai ji komai ba, shi ne ribar yininka gaba ɗaya. Kuma wace mota ake fara ɗaga wa hannu? Wadda fentinta ya koɗe. Sau da dama an sanar daga Khartum cewa an hana karɓar kuɗi barkatai a manyan hanyoyi. Kai da ke bin hanyar ka san ko igiyoyin sun sauka.

Akwai dalilin da ya sa aka ɗora wa hanya wannan nauyi. In kuɗin da ya kamata tsakiya ta turo wa wilaya bai zo ba, sai wilaya da mahalliyoyi su juya kan wanda ke kusa, wanda ba shi da inda zai ɓuya. Ba mu muka fara faɗa ba. Karamallah Abbas, walin da aka zaɓa a Gadarif a 2010 ƙarƙashin jam'iyyar da ke mulki a lokacin, ya bar kujerarsa a 2012 bayan takaddama da ma'aikatar kuɗi ta tarayya a kan haƙƙin wilayar. Wilayar da ke ciyar da Sudan da dawa, wadda riɗinta ke kawo wa ƙasa kuɗin waje, ita ce ke neman albashin ma'aikatanta a aljihun mai boksi. Sannan rahotannin mai binciken kuɗi na ƙasa sun sha nuna yadda hukumomi ke karɓar kuɗi suna ajiye su gefe ba su shiga baitulmali ba. Duk kuɗin da aka karɓa a hannunka ba tare da ornik 15 ba, ba ka da tabbacin inda ya kwana.

Za su ce maka tsofaffin motoci ke kashe mutane a hanya. Ba mu musa cewa mota marar birki makami ce ba. Akwai gidaje a Fau da Hawata da Mafaza da suka yi zaman makoki saboda haɗarin mota, kuma ba za mu taɓa neman a saki motar da ba ta da birki ko fitila ta ɗauki rayukan bayin Allah ba. Amma tara ba ta gyara birki. Direban da aka karɓe wa kuɗin yini a shinge, shi ne gobe zai ɗage sayen taya zuwa wani watan. Wanda tarhis ya fi ƙarfinsa kuma yakan daina zuwa fahas ɗungurungum, ya koma bin hanyar daji da dare. Ta haka dokar da aka ce ta tsaron rai ce take korar motocin da suka fi bukatar dubawa daga wurin dubawar.

Dubi Sifinja. A Ingila aka ƙera ta da sunan Bedford, kamfanin kuma ya daina yin ta tun shekarun 1980. Makeran Sudan da makanikanta ne suka ƙarfafa ƙashinta, suka raya ta har yau, tana shiga laka da damina inda manyan tireloli ba sa kusanta. A can Ingila, tun 2014 aka tsara cewa motar da ta cika shekara 40 za a yafe mata harajin hanya, alhali a wurinsu ta ado ce da yawon shan iska. A nan, inda ita ce ke fito da amfanin gona daga daji, ita ake tatsa.

Ga abin da 'yan takararmu za su tsaya a kai, ka riƙe takardar nan ka tuhume mu da ita:

Na ɗaya, a rage kuɗin tarhis ga tsofaffin motocin aiki, boksi da lori da raksha, gwargwadon shekarunsu da darajarsu a kasuwa.

Na biyu, a yarda mai mota ya biya kashi-kashi, babban kason ya faɗo bayan kaka, lokacin da kuɗin riɗi da dawa ke hannu.

Na uku, laifin gyara irin na fitila ko madubi a ba da wa'adi a je a gyara a dawo a nuna. Tara ta hau kan wanda ya ƙi. Birki da sitiyari kuwa babu sassauci.

Na huɗu, a riƙa kai masu fahas da tarhis kasuwannin mako na ƙauyuka, don kada mutum ya kashe kwana da mai kafin ya kai taga.

Na biyar, kowane kuɗin hanya a rubuta shi a allo a bakin shinge, a karɓe shi da ornik 15, a kuma bayyana wa majalisa kowace shekara nawa aka tara da hanyar da aka gyara da shi.

Na shida, wakilanmu a majalisar ƙasa za su nemi a buɗe shigo da boksi da lori masu 'yan shekaru kaɗan, a kuma sauke kuɗin kwastan a kan isbiya da taya.

Ka sani, tsarin mulkin 2005 ya sa lasisin motoci cikin ikon wilaya, kuma a ƙarƙashinsa majalisar dokokin wilaya ce ke amincewa da kasafi da kuɗaɗen da ake ɗora maka. A watan Janairun 2015 aka gyara tsarin mulki, aka karɓe zaɓen wali daga hannunka aka mayar da shi naɗin shugaban ƙasa. Kujerar majalisa ita ce ta rage maka.

Mun san wasu manyan jam'iyyun adawa sun ce a ƙaurace wa zaɓen, kuma mun fahimci dalilinsu, don mu ma ba mu ce filin a daidaite yake ba. Sai dai majalisar Gadarif za ta zauna ko ka je ko ba ka je ba, za ta kuma sa hannu a kasafin baɗi. In babu mai tashi a cikinta ya ce wannan kuɗi ya yi wa mai boksi yawa, haka zai wuce shiru kamar na bara.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arka, namu ko nasu, ka tare shi da tambaya biyu: nawa ne kuɗin tarhis na boksi bana, kuma me zai yi a kai? In ya kasa amsa ta farko, ka san bai taɓa tsayawa a layin da kake tsayawa ba.

Karanta wa abokan aikinka a tasha da gareji, ka kai wa wanda bai samu ba. Ranar zaɓe ka fito da wuri, ka ɗauko tsofaffi da mata na unguwarku a motar nan taka, ku dangwala wa alamar jam'iyyarmu.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema. Wassalam.