Yarjejeniyoyin Yaƙi da Safarar Mutane: Wa Ake Karewa?

Duk wanda ya zauna a teburin tace labarai a Abuja ya san wata irin sanarwa da ke zuwa kusan kowane wata. Jakadan wata ƙasa ya kai ziyara wata ma'aikata, an yi musabaha, an ɗauki hoto, ɓangarorin biyu sun jaddada aniyarsu ta yaƙi da safarar mutane da kare haƙƙin ɗan Adam. Sau da yawa sunan ƙasar kawai ke sauyawa. Ba na raina irin waɗannan zama, domin babu ƙasar da za ta iya murƙushe wannan fatauci ita kaɗai. Abin da ke damuna shi ne, baƙonmu kan zo da buƙatarsa a rubuce, mu kuwa mu je da fara'a da godiya.

Matsalar ta faro ne daga kalmomi. A shekarar 2000, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar Palermo, kuma da gangan aka raba batun gida biyu. Ɗaya ya shafi fasa-ƙwaurin baƙin haure, wato mutum ya biya direba ko dillali don a tsallakar da shi iyaka da yardarsa. Ɗayan ya shafi fataucin mutane, inda ake amfani da yaudara, tilas ko barazana don a ci da gumin mutum ko jikinsa. Na farko laifi ne a kan dokar iyakar ƙasa. Na biyu laifi ne a kan mutum, kuma ana iya aikata shi ba tare da an tsallaka ko da gadar ƙauye ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2001, ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta kuma sabunta dokarta a 2015. A takarda dai mun fi maƙwabtanmu da dama shiri. Amma a Hausa duk mukan ce safarar mutane, a wurin taro kuma baƙinmu sukan haɗe batutuwan biyu saboda haɗewar ta yi musu daidai. Idan Bature ya ce a yaƙi fataucin mutane, galibi abin da yake nufi a zuciyarsa shi ne kada jirgin roba ya iso gaɓar Italiya.

Mu dubi abin da ya faru da Jamhuriyar Nijar, domin darasin a ƙofar gidanmu yake. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamadar arewacin ƙasar, a kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Bayan haka, a 2015, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kafa dokar da ta haramta jigilar baƙin haure, aka kuma tsananta aiki da ita bayan taron Valletta, lokacin da Tarayyar Turai ta buɗe asusu na musamman don rage kwararar mutane daga Afirka. Aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci. Yawan masu bin babbar hanya ya ragu, Turai ta yi murna. Sai dai tafiyar ba ta tsaya ba. Direbobi sun kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'an tsaro, suka riƙa ratsa sahara ta inda in mota ta mutu babu mai jin labari. Kuɗin tafiya ya ƙaru, wanda kuma ba shi da kuɗi sai ya ci bashin dillali, bashin da shi ne igiyar da ake ɗaure mutum da ita a Libiya. A watan Nuwamba na 2023, watanni kaɗan bayan juyin mulki, Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar da sa hannu ɗaya, kuma mutanen Agadas da dama sun yi farin ciki. Ai ba abin mamaki ba ne. Dokar ta biya wa Turai buƙata, ta bar talakan da aka ce ana karewa da hanya mafi haɗari, shi ya sa ba ta sami mai tsaya mata ba ranar da iska ta juya.

Haka zancen Libiya. Sai da gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon mutane a Nuwamban 2017 kafin hankalin shugabanni ya tashi, aka ƙara ƙaimi wajen kwaso 'yan Najeriya da taimakon hukumar IOM. Amma tun a watan Fabrairun wannan shekarar Italiya ta ƙulla yarjejeniya da hukumomin Libiya don a riƙa tare jiragen baƙin haure a teku ana mayar da su, zuwa wuraren tsarewar da masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka sha bayyana azabar da ake yi a cikinsu. Duk jami'inmu da zai zauna da takwaransa na Turai yana da hurumin ya tayar da wannan magana cikin ladabi. Haƙƙin ɗan Adam bai zama sandar da su kaɗai ke riƙewa ba.

To, akwai hanyar da ba a cika jin ta a waɗannan tarurruka ba, saboda ba ta bi ta Turai ba, babu kuma mai ba da tallafi a kanta. Ita ce hanyar 'yan aikatau zuwa ƙasashen Larabawa. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya san labarin. Wata hajiya ko wani dillali ya zo gidan da talauci ya yi wa katutu, ya yi alkawarin aiki a ƙasa mai tsarki, ya biya kuɗin fasfo da biza da tikiti. Iyaye su yi addu'a, su ce 'yarsu ta dace, ga albashi ga kusanci da Ɗakin Allah. Tana sauka sai a karɓe fasfo, a shaida mata cewa albashin watanni da yawa na biyan bashin tafiya ne. A ƙarƙashin tsarin kafala, izinin zaman ma'aikaci yana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Idan ta gudu daga gidan da ake dukanta, ita ce ta karya doka. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin a 2021 ya sassauta wa ma'aikata da yawa, amma bai haɗa da masu aikin gida ba. A Lebanon kuwa, a 2020, har tallan wata 'yar Najeriya aka yi a Facebook da farashi a jiki, kamar ana sayar da tsohuwar mota.

Na san abin da wasu za su ce: waɗannan ƙasashe abokan arziki ne, akwai aikin Hajji, akwai zuba jari, bai kamata a ɓata zumunci ba. Ina ganin wannan tsoron ya fi ƙarfin dalilinsa. A 2018, bayan an tsinci gawar wata ma'aikaciyar gida 'yar Filifin a cikin firiza a Kuwait, gwamnatin Manila ta dakatar da tura ma'aikata. An yi cacar baki, har Kuwait ta kori jakadan Filifin. Amma kafin watan Mayu ya ƙare an sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ma'aikaciya damar riƙe fasfonta da wayarta. Hulɗar ƙasashen ba ta mutu ba. Filifin ba ta fi mu girma ba, abin da ta fi mu shi ne tana da jami'an ƙwadago a ofisoshin jakadancinta, da wuraren fakewa ga wadda ta gudo, da rajistar waɗanda suka fita.

A nan ne magana ta dawo kanku, ma'aikatan tarayya da mataimakan manya. Minista ba ya shiga taro da abin da ya wuce takardar da kuka shirya masa. Idan takardar ta ƙunshi tarihin zumunci da jerin kyaututtukan motoci da kwamfutoci, to a nan zancen zai tsaya. Tallafin horo da kayan aiki yana da amfani, ban musa ba, amma wanda ya ba ka mota shi ke zaɓar hanyar da za ka yi sintiri. Sannan yarjejeniyar fahimtar juna da ba a ware mata kuɗi a kasafi ba, ba a kuma ɗora alhakinta a kan wani darakta da sunansa ba, makomarta fayil ne da ƙura. Batun ya ratsa ma'aikatar harkokin waje, da ta ƙwadago mai ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, da ta shari'a, da hukumar shige da fice, da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare. Ɗan da ke da iyaye da yawa, sau tari da yunwa yake kwana.

Dole kuma mu yarda cewa wanda gidansa ke yoyo ba ya iya ɗaga murya sosai a waje. Fasfon yarinyar da aka ƙara wa shekaru a nan gida aka yi shi. Filin jirginmu ta bi ta fita. Yaran da ake kwasowa daga ƙauyuka su yi aikatau a gidajen Maitama da Gwarimpa ba tare da makaranta ba, albashinsu yana shiga hannun wata uwar ɗaki, su ma dokar 2015 ta san da zamansu, ko da wasunmu ba sa son a tuna musu.

Ga kuma sabon ƙalubale a arewa. Tun Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, alhali ta Nijar hanyar hamada ta bi, a wuraren haƙar zinare na Mali kuma NAPTIP ta sha gano 'yan matan Najeriya da aka yaudara da sunan aiki. Musayar bayanai da miƙa masu laifi yanzu sai an zauna ƙasa da ƙasa. Wannan zama da Yamai da Bamako ya fi gaggawa a kan wani taron bita a otal, ko da ba a sami mai ɗaukar nauyinsa daga waje ba.

Idan za a shirya takardar taro na gaba, ina roƙon a sa tambayoyi uku a shafin farko, inda idon minista zai fara sauka. 'Yan Najeriya nawa ne ke tsare a ƙasarku, kuma yaushe jami'inmu zai gan su? Wadda ta kai ƙarar wanda ya bautar da ita, za a bar ta ta zauna har a gama shari'a, ko za a tasa ƙeyarta kafin ta ba da shaida? Albashin da aka danne mata, ta wace hanya zai biyo ta gida? A rubuta amsoshin a cikin bayanan taro, a kuma sa ranar da za a sake zama a duba su.