Ɗan haya a gonar kakansa

A watan Yunin 1898 Turawan Ingila suka sa hannu a takardu biyu, kwana biyar tsakani. Ran 9 ga wata, a Beijin, suka karɓi hayar wani yanki na Hong Kong daga hannun Sin, shekara 99. Ran 14, a Faris, su da Faransa suka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, suka ce nan ne iyaka. Ingila har da yi wa Faransa alkawarin hayar fili a bakin Kwara, kamar gadon ubanta. Wa ya tambayi Sarkin Gwandu?

Da wa'adin Hong Kong ya matso, masu jari suka fara ɗari-ɗari. Gwamna MacLehose ya je Beijin a 1979 yana lallashi. Firaminista Thatcher ta bi sahu a 1982, jagoran Sin Deng Xiaoping ya nuna mata ba hali. Aka sa hannu kan mayar wa Sin Hong Kong a 1984, ran 1 ga Yulin 1997 Bature ya naɗe tutarsa.

Mu fa? A 1900 Ingila ta biya Kamfanin Neja fam 865,000, ta ƙara masa rabin kuɗin ma'adinan wani babban yanki na Arewa, shi ma shekara 99. A 1910 aka yi doka ƙasar Arewa ta koma hannun Gwamna. To, wannan aikin mai mulkin mallaka ne, ba a mamaki.

Abin da ke ƙona min rai shi ne 1978. Sojojinmu, ƴaƴanmu, suka ɗauko wannan tsarin suka shimfiɗa wa Nijeriya duka, aka kuma cusa shi cikin tsarin mulki don kada a taɓa. Yau manomin gero a Maiyama, da mai albasa a fadamar Aliero, izinin zama kawai doka ta ba su. Wanda ya yi ta zarya Birnin Kebbi ya samo takardar mallaka, yawanci shekara 99 zai gani a rubuce. In aka ce "amfanin jama'a" za a yi da wurin, sai a zo a ƙirga mangwaro da rijiya da katanga a biya diyya. Ita ƙasar, da kushewar kakansa a gefenta, ko kwabo.

Ƴan majalisarmu na tarayya sun sha taɓa tsarin mulkin 1999. Sashe na 315, inda aka ɓoye wannan doka, sun san lambar shafinsa. Da gangan suke tsallakewa, don gwamna, mai filayen, shi ke ba su tikiti.