Darasin Osmosis Ya Wuce Hadda Don Jarabawa

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowa a ajin kimiyya zai iya rero ma'anar osmosis: ruwa yana ratsa tantanin ƙwayar halitta daga ɓangaren da ya fi tsinkewa zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. Mu haddace, mu zuba a takardar WAEC ko NECO, mu manta. A ganina wannan asara ce, domin darasin nan yana cikin abubuwan da ke raba mai gudawa da mutuwa.

Duba abin da ke faruwa a cikin hanji. Gubar ƙwayar cutar kwalara tana sa ƙwayoyin bangon hanji su riƙa fitar da gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin. Shi ya sa mai amai da gudawa ke bushewa cikin 'yan sa'o'i. Amma akwai wata ƙofa a jikin tantanin da gubar ba ta lalatawa. Ƙofar ba ta shigar da sinadarin sodiyam na gishiri sai tare da gulukos, wato sukari. Idan suka shiga tare, ruwa ya biyo bayansu ya koma jini. Wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, shi ya bayyana yadda wannan ƙofa ke aiki a 1960.

A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanonin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙarin leda kuma ya yi ƙaranci. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari cikin ruwa ana shayar da marasa lafiya. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Ruwan ORS ɗin da muke gani a kemis ke nan.

To, ga inda hadda ke cutarwa. Wanda bai fahimci dalili ba zai ce tunda sukari na taimakawa, bari a ƙara, ko a ba yaro lemon kwalba. Sukarin da ya yi yawa a hanji shi zai janyo ruwa daga jiki, gudawar ta ƙaru. Osmosis ɗin dai ne, ya juyo kanmu. Gishiri ma in ya zarce hatsari ne, musamman ga jarirai. Awon shi ne lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. In akwai na ƙunshi, shi ya fi, kuma ba ya hana zuwa asibiti.

Na san za a ce ɗakin gwaji babu kaya, manhaja kuma da yawa. Gaskiya ne. Sai dai wannan gwajin bai buƙatar komai da ya wuce dankali, gishiri da kofi biyu. A yanka dankalin, a jiƙa wani a ruwa zalla, wani a ruwan gishiri. Kafin a tashi makaranta ɗaya ya yi tauri, ɗaya ya yi laushi.

Roƙona ga malamanmu na bayoloji shi ne, ranar da aka koyar da osmosis, a sa kowane ɗalibi ya haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsa, a kuma ba da maki a kai. Shugabannin ɗakunan kwana su tabbatar akwai ƙunshin ORS a ajiye kafin damina ta kankama.