Zogale a Burodi: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a bakin masana abinci da ƙungiyoyin agaji: wai a busar da zogale ko alayyahu, a niƙa, a zuba a kwaɓin burodi, sai a ga bayan tamowa da ƙarancin jini. Hujjarsu ita ce kowa na cin burodi, don haka a ɓoye wa mutane ganyen a ciki. Duk wanda ya san yadda ake ci a Tamale da ƙauyukanta ya san an bar jaki ana dukan taiki.

Matsalar kam tana nan, ba mai musu. Binciken lafiyar al'umma na Ghana na 2022 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku 'yan ƙasa da shekara biyar a Yankin Arewa ya tsumbure, alhali a ƙasar baki ɗaya abin bai kai ɗaya cikin biyar ba. To amma yaron nan a ina yake? Yana ƙauyukan Tolon da Kumbungu da Karaga da Gushegu, a gidajen da burodi ba ya shiga sai ranar kasuwa ko in an yi baƙo.

Ba mamaki, domin alkama ba amfanin gonarmu ba ce. Ta jirgin ruwa take shigowa Tema da Takoradi, a niƙa ta can, tirela ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da fulawar kafin ta iso mana. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya haɗu da faɗuwar sidi, kuɗin Ghana, har hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a Disamba, dole ta sa masu gidan burodi ko dai su ƙara kuɗi ko su rage girma. Ina hikimar rataya lafiyar ɗan talaka a kan abin da dala ke yanka wa farashi?

Je ka tambayi mai gidan burodi ma. Garin ganye ba shi da danƙon da ke riƙe iska a kwaɓi. Ka cika shi, burodi ya ƙi tashi, ya fito kore-kore, da nauyi da ɗan ɗaci, mai shayi ya ce a mayar. Dole sai ɗan kaɗan za a sa. Ɗan kaɗan ɗin nan zafin tanda zai ƙone bitamin C ɗinsa, sannan a kora da shayi, wanda aka san yana tauye wa jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. Me ya rage? Launi da tallar da ke jikin leda. Kuma fa fiye da shekara goma ke nan dokar Ghana ta wajabta wa masu niƙa su ƙara sinadarin ƙarfe da bitamin a fulawar alkama. Da burodi ne maganin, da an ga alama a ƙauyukan nan.

Yanzu dubi tukunyar uwar gida. Ta tsinke ayoyo cike da kwano, ko rama da yakuwa ta haɗa da gyaɗa, ko ta kaɗa kuka, ta jefa daddawa, ta marmasa busasshen kifi, ta sa man kaɗe, a ci da tuwo mai zafi. Maiƙon shi ke taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A na ganyen, kifin kuma ya taimaka wajen zuƙar ƙarfen. Ganyen da yaro zai sha a wannan miya ya fi wanda zai samu a yankan burodi nesa ba kusa ba. Mutanen da suka gaji wannan girki ba sa bukatar a yi musu wayo kafin su ci ganye.

Abin da ke hana su ci shi ne rani. Ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba, ba ya dawowa sai wajen Mayu. Leƙa kasuwar Aboabo ta Tamale a watan Maris ka ga yadda ƙullin alayyahu ke ƙanƙancewa kuɗinsa na hawa. Lambunan cikin gari gine-gine na cinye su, waɗanda suka rage kuma wasu da ruwan kwata ake ba su.

Nan ya kamata kuɗi da ilimi su nufa. A kula da madatsun Bontanga da Golinga, a ware wa mata filin noman rani kusa da ruwa. Jami'ar UDS da cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala su zage damtse kan irin ganye mai jure fari, da hanyar busarwa a inuwa, tunda rana tsaka na rage amfanin ganye. Shirin ciyar da 'yan makaranta da aka fara a 2005 ya riƙa sayen kuka da zogale kai tsaye daga hannun matan ƙauye, ya zuba a miyar yara.

Mai sha'awar koren burodi ya gasa abinsa, ba laifi, kasuwa ce. Amma kada a ɗebi kuɗin yaƙi da tamowa a kai gidan burodi, a bar uwar da ba ta da ganyen miya a watan Maris.